Rabuwar Aikatau da Ɗan Rakiyarsa a Ingilishi da Hausa: Matsalar Rubuta "da" a Littattafan Yaƙi da Jahilci na Damagaram

1.0 Gabatarwa

Duk mai duba littattafan koyon karatu da takardun wayar da kai da ake bugawa da Hausa, a Damagaram ko a wani wuri, zai lura da cewa aikatau ɗaya yakan fito da sura biyu ko uku a shafi guda. A sama a rubuta "sayar da", a tsakiya "sai da", a ƙasa kuma "saida". Haka nan ake samun "ba da" da "bada", ko "mai da" da "maida". Wanda ya daɗe yana karatu ba ya tsayawa a kan irin wannan saɓani, amma baligin da ya fara haɗa baƙi da wasali jiya, a wurinsa fili tsakanin kalmomi alama ce da yake dogara da ita kamar yadda yake dogara da harafi.

Batun ya ƙara nauyi tun daga watan Maris na 2025, lokacin da Kundin Sake Gina Ƙasa na Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma sanya Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ma'anar wannan ga masu tsara ilimi ita ce, mai koyo a unguwa irin Kara-Kara ta birnin Damagaram, wadda aka fara zaunar da masu cutar kuturta a cikinta a gefen gari, kuma da yawa daga cikin mutanenta ke neman abinci ta aikin ƙarfi kamar fasa dutse, zai buƙaci rubutacciyar Hausa mai ƙa'ida ɗaya, ɗansa kuma zai gamu da Ingilishi a shekarar farko ta kwaleji.

Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa tambayar ko za a raba aikatau da "da" a rubutu ko za a haɗa su, ba a amsa ta da sha'awar marubuci. Ana amsa ta ne da gwaji, wato a ga ko masu harshen suna iya raba su a magana. Za a fara da Ingilishi, domin a can aka fi daɗewa ana yin irin wannan gwaji.

2.0 Yadda Abin Yake a Ingilishi

Abin da masana nahawun Ingilishi ke kira phrasal verb shi ne aikatau tare da wata ƴar ƙaramar kalma, irin su up, out, off, wadda ke binsa su ba da ma'ana guda. Sunan ya bazu ne daga littafin Logan Pearsall Smith na 1925, sa'an nan Dwight Bolinger a 1971 da Bruce Fraser a 1976 kowannensu ya rubuta littafi sukutum a kan batun. A wannan maƙala za a kira ƙaramar kalmar "ɗan rakiya" idan aikatau take yi wa aiki, a kira ta "jagoran suna" idan tana tare da sunan da ke bayanta ne. Alamar tauraro tana nuna jimlar da masu harshen ba su yarda da ita ba.

Ka'ida ta farko: idan karɓau suna ne gajere, ɗan rakiya yana iya zuwa gabansa ko bayansa.

(1) a. He picked up the book. "Ya ɗauki littafin."
b. He picked the book up.

Ƙa'ida ta biyu: idan karɓau wakilin suna ne wanda ba a ƙarfafa shi ba, rabuwa ta zama dole.

(2) a. He picked it up. "Ya ɗauke shi."
b. *He picked up it.

Ƙa'ida ta uku: idan karɓau ya yi tsawo, ko kuwa sabon labari ne wanda mai sauraro bai riga ya ji ba, an fi so ɗan rakiya ya manne da aikatau, karɓau ya zo a ƙarshe. Stefan Gries ya nuna a 2003, bisa ga ƙidayar jimloli na haƙiƙa, cewa tsawon karɓau da sabuntarsa da irin ma'anar aikatau duk suna taruwa ne su rinjayi zaɓin mai magana.

Ƙa'ida ta huɗu: idan ƙaramar kalmar jagoran suna ce, ba a jefa ta bayan karɓau ko da wakilin suna ne.

(3) a. She looked after him. "Ta kula da shi."
b. *She looked him after.

Tun da kalma ɗaya tana iya zama ɗan rakiya a nan ta zama jagoran suna a can, masana sun ɗauki wani gwaji: a ɗauko ƙaramar kalmar tare da sunan a kai su farkon jimla. Idan jimla ta tsaya, jagoran suna ce. Idan ta rushe, ɗan rakiya ne.

(4) a. He ran up the hill. "Ya hau tudun da gudu."
b. Up the hill he ran.
(5) a. He ran up the bill. "Ya tara bashi."
b. *Up the bill he ran.

Abin lura a nan shi ne, saboda wani abu yana iya shiga tsakani, Ingilishi kullum yana rubuta aikatau da ɗan rakiyarsa a rabe. Sai an mai da su suna ne ake haɗa su ko a sa musu karan ɗori, kamar breakdown ko take-off, domin a wannan hali babu abin da zai sake shiga tsakaninsu.

3.0 Ire-iren "da" Bayan Aikatau a Hausa

3.1 "da" jagoran suna

Akwai "da" mai nuna kayan aiki ko abokin tarayya. Wannan tana tare da sunan da ke bayanta, kuma gwajin da aka gani a (4) yana tabbatar da haka.

(6) a. Ya fasa dutse da guduma.
b. Da me ya fasa dutse?
(7) a. Ya gamu da mai amalanke.
b. Da wa ya gamu?
c. mutumin da ya gamu da shi
d. *mutumin da ya gamu

Aikatau irin su gamu, haɗu, rabu, da kuma zo da tafi idan suna nufin kawowa ko ɗauka, duk haka suke. Idan aka ɗauke sunan daga gurbinsa, "da" ba ta faɗuwa. Sai ta nemi wakilin suna ya tsaya a madadinsa, kamar a (7c). Wasu aikatau kaɗan, irin su manta da tuna, suna aiki da "da" ko ba tare da ita ba, shi ya sa ake cewa "abin da ya manta" ko "abin da ya manta da shi". A duk wannan rukuni babu gardama: "da" kalma ce mai zaman kanta, a rabe ake rubuta ta.

3.2 "da" ta aji na 5

F. W. Parsons ya kasa aikatau na Hausa aji bakwai a 1960. Aji na 5 shi ne mai ƙarewa da -r, ko -s a karin harshen yamma, kamar sayar, mayar, fitar, bayar, ciyar, tsayar. An daɗe ana ɗaukarsa ajin sa wani ya aikata, amma Paul Newman ya nuna a 1983 cewa ainihin ma'anarsa ita ce fitar da aiki daga wurin mai yi zuwa waje: saya yana jawo kaya, sayar yana rabuwa da su. Wannan aji galibi yana taɓa karɓau ne ta hanyar "da", kuma wakilin sunan da ke biyo baya katsattse ne, wato ni, kai, ke, shi, ita, mu, ku, su.

(8) a. Ya sayar da tsakuwa.
b. Ya sayar da ita.

Wannan "da" ba jagoran suna ba ce, domin ba ta bin sunan zuwa farkon jimla. Wanda ya ce "Da me ya sayar?" ba abin da aka sayar yake tambaya ba. Har ila yau, idan aka ɗauke karɓau tana iya ɓacewa gaba ɗaya:

(9) a. Me ya sayar?
b. tsakuwar da ya sayar

Duk da haka ba ɗafi ba ce, domin karɓau kaikaitau yana shiga tsakaninta da aikatau, haka ma ƴan kalmomin ƙarfafawa irin su dai da kuwa:

(10) a. Ya mayar wa mai amalanke da kuɗinsa.
b. Ya mayar masa da kuɗinsa.
c. Ya sayar dai da tsakuwar.

A yawancin karin harshen Nijar "ma" ake ji a gurbin "wa" na (10a), amma tsarin jimlar bai sauya ba. Wannan "da" ita ce ta fi kama da ɗan rakiyar Ingilishi: tana yi wa aikatau aiki, amma ana iya raba su.

3.3 Gajeriyar sura da narkakkiyar "da"

Wasu aikatau na aji na 5 suna da gajeriyar sura wadda ba ta fitowa sai gaban "da": sai da, mai da, fid da, ba da, ci da, tsai da, gai da, ka da, ta da, kau da, zub da. A Daidaitacciyar Hausa, da zarar an ɗauke karɓau sai a koma ga doguwar sura: "ya ba da kuɗi", amma "kuɗin da ya bayar".

A karin harshen yamma kuwa, kamar na Sakkwato da Adar da Gobir da Katsina da Maraɗi, "da" ta narke cikin aikatau ta zama gaɓarsa ta ƙarshe. Mahamane Laouali Abdoulaye ya yi bayanin wannan a kundinsa na digirin dokta na 1992 da kuma wata maƙala ta 1996, kuma Newman ya ware masa reshe na musamman a babban nahawunsa na shekarar 2000. Surori irin su saida da maida ba su tsaya a yamma kaɗai ba. Ana jin su a kasuwannin Damagaram kamar yadda ake jin su a na Kano. Alamomi huɗu ne ke nuna narkewa:

(11) a. Ya fidda ta. Na gaida ka.
b. Ya maida mini kuɗi.
c. Yana saidawa.
d. Ya maido kuɗin. Ya fiddo kaya.

A (11a) wakilin sunan ya zama irin wanda ke bin aikatau kai-tsaye, wato ta da ka, maimakon ita da kai. A (11b) karɓau kaikaitau ya koma bayan "da", bai shiga tsakani ba. A (11c) ɗafin -wa ya hau kan "da", alhali Daidaitacciyar Hausa "sayarwa" take cewa. A (11d) ɗafin -o na aji na 6 ya maye gurbin wasalinta. Kalma mai zaman kanta ba ta karɓar ɗafin aikatau. Saboda haka a waɗannan misalai "da" ta daina zama kalma.

Gwaji mafi sauƙi ga mai tsara littafi shi ne na wakilin suna na mace. Shi, mu, ku, su da ni ba sa nuna bambanci a rubutu, amma "ita" da "ta" suna nunawa: mai cewa "ya fid da ita" kalma biyu ya faɗa kafin wakilin suna, mai cewa "ya fidda ta" kalma ɗaya.

4.0 Abin da Fili ke Ɗauke da Shi a Rubutu

Rubutun boko na Hausa ya bi matakai da dama: ƙa'idojin Hanns Vischer na 1912, aikin Hukumar Talifi ta Zariya a shekarun 1930, Hukumar Hausa ta 1955, taron Bamako na UNESCO a 1966, da taron Yamai na Janairu 1980 wanda ya nemi daidaita rubutun Nijar da na Nijeriya. Tsofaffin littattafan Zariya sukan rubuta "sayad da" da "mayad da" bisa ga lafazi, kafin a tsaya a kan "sayar da" da "mayar da". A Nijar, bayan taron Bamako, ma'aikatar yaƙi da jahilci ta riƙa ninka wasali domin nuna tsawo, kamar yadda sunayen jaridunta Gangaa da Saabon Ra'ayii ke nunawa. A cikin wannan zamani ne aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973. Bayan taron Yamai aka bar ninka wasali, kuma dokar minista ta Oktoba 1999 ta tabbatar da rubutun da ake bi a Nijar.

Sakamakon haka, rubutun yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, ba ya kuma nuna karin sauti. Bambancin da kunne ke ji, a takarda sau da yawa fili ne kaɗai ya rage ya nuna shi:

(12) a. Ya yar da ita.
b. Ya yarda da ita.
(13) Kada ka ka da shi.

Idan aka haɗe (12a) aka rubuta "yarda", jefarwa ta zama amincewa. A takardar da ke koyar da yadda za a yi da allurar da aka riga aka yi amfani da ita, ko maganin da wa'adinsa ya wuce, wannan ba ƙaramin kuskure ba ne. A (13) kuwa, da an haɗe "ka da" da kalmar hani da kalmar kayarwa sun zama sura ɗaya a jimla ɗaya. A rubutun Bamako ninkin wasali zai raba su, a na yau fili ne ke raba su.

Sai dai rabawa ma tana da nata cikas. "Sai da" na sayarwa ya yi daidai da "sai da" na lokaci, "ba da" na bayarwa kuma ya yi daidai da "ba da" na korewa:

(14) a. Sai da ya sai da akuyarsa ya biya bashin.
b. Ba da gangan ya ba da shi ba.

Gogaggen mai karatu yana gane aikatau domin lamiri yana gabansa, amma sabon mai karatu yakan yi tuntuɓe. Wannan na daga cikin dalilan da ke sa marubuta haɗewa. Wani dalilin kuma shi ne, a Damagaram, inda makarantun allo suke da ƙarfi tun zamanin sarakuna irin su Tanimun, masu koyon boko da yawa sun riga sun saba da ajami, wanda a cikinsa akan manna ƙananan kalmomi ga maƙwabtansu.

5.0 Mai Jin Hausa Gaban Ingilishi

Kamannin da ke tsakanin harsunan biyu yana iya yaudarar ɗalibi, domin sun saɓa a wurare uku.

Na ɗaya, abin da ke shiga tsakani a Ingilishi karɓau kai-tsaye ne. A Hausa kuwa ba ya taɓa shiga. Ba a cewa:

(15) *Ya sayar tsakuwa da.

Na biyu, wakilin suna a Hausa bayan "da" yake zuwa, kamar a "ya fitar da shi". Ɗalibin da ya ɗora Ingilishi a kan wannan tsari, jimla irin ta (2b) zai gina, wadda ita ce Ingilishi ya hana.

Na uku, idan aka ɗauke karɓau, Hausa tana yar da "da", Ingilishi kuwa yana riƙe ɗan rakiyarsa: "littafin da ya mayar" shi ne the book he put back. In aka yar da back ma'ana ta lalace.

Faransanci, wanda ɗalibin Nijar ya saba da shi kafin Ingilishi, ba ya taimakawa a nan, domin da aikatau guda yake faɗar abin da Ingilishi ke faɗa da kalma biyu. Hausa ta fi shi kusa da Ingilishi a wannan fanni, muddin malami ya nuna wuraren saɓanin uku tun da wuri.

6.0 Shawarwari

(a) A rubutun Daidaitacciyar Hausa a raba "da" daga aikatau, doguwar sura ce ko gajeriya, matuƙar wakilin sunan da zai iya biyo baya shi ne ita, kai ko ke.

(b) A haɗe inda ɗafi ya hau kanta, kamar maido, fiddo, maidawa, da inda ta, ka ko ki suka biyo baya.

(c) Wajen rubuta tatsuniya ko tarihin baka ko hira, a bi bakin mai magana: idan a wani wuri ya ce "saida ta", to "saida doki" ma a haɗe za a rubuta masa.

(d) A darussan farko na littafin koyon karatu a fifita doguwar sura, wato sayar da, bayar da, kayar da, a jinkirta gajeriya har mai koyo ya iya gane lamiri da aikatau.

(e) Kafin a buga littafi domin Damagaram, a ɗauki maganar mutane a unguwanni dabam-dabam, kamar Birni da Zango da Kara-Kara, a yi wa kowane aikatau gwaje-gwajen (11), domin jerin kalmomin littafin ya dace da bakin masu karanta shi.

(f) Ƙamus na Hausa ya nuna wace irin "da" ce ke bin kowane aikatau. Ƙamus na Ingilishi da Hausa kuma ya ba da misali da wakilin suna ga kowane aikatau mai ɗan rakiya, domin a nan ne ake gane mai rabuwa da marar rabuwa.

7.0 Kammalawa

An ga cewa "da" mai bin aikatau iri uku ce: jagoran suna, ɗan rakiyar aji na 5, da narkakkiyar gaɓa. Biyun farko a rabe ake rubuta su, ta uku a haɗe. Ƙa'idojin Ingilishi ba su dace da Hausa kai-tsaye ba, amma hanyar gwajinsu ta dace, wato a sa wani abu tsakani, a sauya suna da wakilinsa, a kai karɓau farkon jimla, a ga abin da ya faru. Sauran aiki shi ne hukumomin da ke buga littattafai a Nijar da Nijeriya su fitar da jeri ɗaya na aikatau na aji na 5, doguwar sura da gajeriya da narkakkiya, wanda marubuta da masu gyara da malaman yaƙi da jahilci za su riƙa komawa gare shi.